Kifi a Gonar Albasa

Ba zan taɓa mantawa da wata Alhamis a Wurno ba. Ko da ma na so in manta, akwai malaman firamare kusan arba'in tsakanin Wurno da Rabah da Goronyo da suka ɗauki nauyin tuna mini.

Ni malamin makaranta ne a wani ƙauye kusa da Lahodu. Shekara ashirin da shida ke nan ina riƙe da alli. Lissafi nake koyarwa, amma ba da lissafi aka san ni ba, da karatu aka san ni. Duk ranar da baƙi suka zo, ko ranar raba sakamako, ni ake miƙa wa takardar jawabi. In miƙe, in gyara hula, in sa tabarau, in karanta tun daga bisimilla har ƙarshe ba tuntuɓe. Iyayen yara su riƙa cewa, "Malam dai, karatu kamar ruwa."

Abin da ba su sani ba shi ne, ni ba karantawa nake ba. Hadda nake kawowa.

Ba wai ban san haruffa ba. Na san kowanne kamar yadda na san awakin gidanmu. Amma in suka taru a layi ɗaya sai su koma awakin ranar kasuwa: wannan ta haye wannan, waccan ta kutsa gaba, wata ta ɓace ma gaba ɗaya. In ina ni kaɗai, ba mai kallona, nakan lallaɓa in gama shafi guda kafin tuwo ya nuna. A gaban mutane kuwa, ko layi biyu ba na kaiwa. Sai dai Allah da ya rage mini a ido ya ƙara mini a kunne. Tun muna makarantar allo, in na ji abu sau biyu ya zauna ke nan. Da wannan kunnen na ratsa makarantar horon malamai (kada a tambaye ni sau nawa na zauna jarrabawar ƙarshe).

Mutum ɗaya ce ta san wannan, matata Balkisu. Tun watanmu na farko ta gane. Wasiƙa ce ta zo daga yayanta, na buɗe ina ta kallo, ina gyaran murya, ina sake gyaran murya. Ta miƙo hannu ta ce, "Kawo, Malam, na hi ka sanin rubutun Yaya." Daga ranar, duk takardar da ta shigo gidanmu, ko ta ofis ce ko jawabi, sai bayan la'asar. Ta zauna tana tsintar shinkafa, takardar a kan gwiwarta, ta karanta sau biyu, ni kuma ina kishingiɗe kamar ba saurare nake ba. Ba mu taɓa kiran abin da sunansa ba, don ba mu san yana da suna ba.

Tabarau kuma a kasuwar Achida na saye shi, gilashi ne zalla, ba magani a ciki. Amfaninsa ɗaya ne: in aka miƙo mini takarda ba shiri, sai in shafa aljihu in ce na manta shi a gida. (Ban da tukunyar ruwa, ba abin da ya kai tabarau ɗin nan zaman gida.)

Takan zolaye ni wani lokaci. "Malam, ran da ba ni nan, wa za ya karanta maka?" In ce, "Sai in bi ki." Ta jefe ni da tsakuwar da ta tsinto daga shinkafa.

Bara da damina ta rasu, a gidan iyayenta a Wurno, bayan jinyar wata biyu. Ban bi ta ba. Allah ya jiƙanta.

Bayan rasuwarta na daina karanta jawabi. Mutane suka ce baƙin ciki ne ya ɗauke mini murya, suka ƙyale ni. Ba su yi ƙarya ba, rabin gaskiyar dai suka sani.

Ana nan sai shugaban makarantarmu ya shaida mini (da baki, alhamdulillahi) cewa za a yi bita ta kwana uku a Wurno. Kowace makaranta za ta tura malami ɗaya ya koyo yadda ake tantance yaran da karatu ke ba wahala. Ya ce wa ya fi cancanta in ba gwanin karatu ba? Na amsa, ba don bitar ba. Na amsa ne don Wurno, don na kwana biyu ban ziyarci kabarinta ba.

Ranar farko, ina shiga ajin da aka tara mu, wa zan gani? Sambo, ɗan kawuna, taubashina, wanda ke koyarwa a Rabah. Tun muna yara bakinsa bai taɓa barina na huta ba.

"A'a! Bawana, kai anka turo? Halan Lahodu malamai sun ƙare?"

"Sun ji kana nan," na ce, "sunka ce a turo wanda za ya riƙa tashe ka in ka yi barci."

Mai koyar da mu wata mata ce daga Sakkwato, Malama Rabi, ba ta da yawan magana, ba ta kuma ɗaga murya. Ta ce abin da ya tara mu sunansa disleksiya. Yaro ne lafiya lau, mai wayo, wani lokaci ma ya fi 'yan ajinsu fahimta, amma haɗa haruffa da sautinsu ya zame masa dutse. Ba lalaci ba ne, ba daƙiƙanci ba, ba kuma aikin iska ba. Ta ce akwai 'yan uwan abin: yaron da lambobi ke yi wa haka, da wanda hannunsa ke ƙin rubutu. Ta ce kafin malami ya zargi komai, ya fara duba idon yaro da kunnensa, ya tambaya ko yana zuwa makaranta ko kullum yana fadama ko wajen kiwo, ya kuma san ko Fulfulde ake yi a gidansu, Hausar boko baƙuwa ce gare shi. Sai an kawar da waɗannan, sannan a zaunar da yaron, a ba shi kati mai ɗan gajeren labari ya karanta, malami na bi da fensir.

"Ku ba likitoci ba ne," in ji ta. "Aikinku ku lura, ku rubuta, ku tura gaba. Kuma ku aje bulala."

Tana bayanin alamomin, ni kuma ina jin kamar wani ya kai mata labarina. Yaro ya tsallake layi. Yaro ya ƙirƙiro uzuri duk lokacin da karatu ya zagayo kansa. Me kuke tsammani na yi? Na ɗaga hannu, na gyara tabarau, na ce, "Malama, gaskiya ta, amma wasu yaran lalaci na kawai." Har da masu gyaɗa mini kai. Allah ya yafe mini.

Rana ta biyu da hantsi aka raba mana jaka, a ciki akwai katin gwaji. Malama Rabi ta ce gobe za a gwada a aikace: mutum ɗaya zai zauna a matsayin ɗalibi ya karanta, sauran su bi shi da fensir, don a fara ganin yadda karatu mai kyau yake. Ta ce wa zai yi? Kafin ta rufe baki, malaman Wurno suka kama kiran sunana. Abin mamaki sai ga Sambo ya miƙe tsaye.

"Malama, ni za ni yi. Wanga tsoho ya gaji."

Da ina da hankali da na bar shi. Amma taubashi ya kira ni tsoho a gaban mata malamai? Na ce, "Zamna, Sambo. Karatu anka ce, ba gyangyaɗi ba." Aka yi dariya, na ji daɗi. A raina na ce, ga katin a jakata, ga yini guda a gabana, me zai gagara?

Bayan sallar azahar ban koma aji ba. Na hau babur na tafi maƙabarta. Na yi mata addu'a, na cire 'yan ciyayin da suka fito, na ɗan zauna. Ban yi niyyar daɗewa ba. Da na dawo har an tashi, ana alwalar la'asar. Wato darasi guda cur ya wuce ni, kuma ban tambayi kowa abin da aka koyar ba.

Na sami Sambo a gindin dogon yaro a bakin makarantar, yana cin soyayyen kifi. Na zauna, na fito da katin, ina juya shi. Ina neman yadda zan fara maganar tabarau ke nan sai ya goge hannu a takarda ya ce, ba tare da ya dube ni ba, "Halan ka manta tabarau? Kawo in karanta, in ji mi anka rubuta."

Ya karanta. Labarin wani masunci ne, Audu, da ya tura kwalekwalensa a dam ɗin Goronyo da safe, ya jefa taru, ya kamo kifi bakwai, ya ba maƙwabcinsa biyu. Da ya kai ƙarshe sai ya ce bai gane ba, bari ya sake. Ya sake, a hankali. Na yi ta yi masa dariyar mutumin da ba ya gane labarin 'yan aji uku sai an maimaita. Kafin in kai Lahodu, Audu da kifinsa sun zauna daram a kaina.

Ranar Alhamis na sa farar rigata ta zuwa Juma'a, na sa tabarau tun daga gida. Aka ajiye mini kujera a gaban aji. Malama Rabi ta bi layi tana raba wa malamai kati, kowa da fensirinsa, sannan ta miƙo mini nawa. Fari ne kamar na jiya, tsawonsu ɗaya, ba hoto. Na saci kallon farkonsa, na gane kalmomin nan da na saba da su: "Wata rana da safe." Shi ke nan. Na ɗora yatsa a kan layi, na buɗe murya.

Jama'a, ban taɓa karatu mai daɗin na ranar ba. Na tura kwalekwalen Audu cikin ruwa. Na jefa taru. Inda ya kamata a tsaya na tsaya, inda ya kamata a ja na ja, yatsana na tafiya a kan takarda kamar na limami. Ajin ya yi tsit. Na ɗago ido na ga wata malama daga Kagara, can wajen Goronyo, ta saki baki, fensirinta a sama. Wani yana juya katinsa yana duba bayansa. Na ce a raina, yau mutanen Goronyo sun ga karatu. Sai na ƙara armashi. Da na zo inda Audu ya ba maƙwabcinsa kifi biyu har na ɗan sassauta murya don tausayi.

Na kai aya, na ajiye katin a kan gwiwa, ina jiran yabo.

Ba wanda ya yi motsi. Can sai muryar Sambo daga baya:

"Taubashi, kihi nawa kac ce ka kamo cikin gonar albasa?"

Ajin ya fashe da dariya. Wani har da buga tebur. Malamar Kagara ta rufe fuska da gyale tana girgiza. Ashe katin da ke hannuna, da na hannun kowa, ba ruwansa da Audu. Labarin wata mata ce da ta je gonar albasa da safe da jakinta. Ba ruwa, ba taru, ba ko ƙayar kifi.

Ban gama gane abin da ya same ni ba sai Sambo ya miƙe yana tafi. "Ku taɓa mashi! Wallahi ya iya! Ba abin da Malama tac ce jiya ke nan ba? Ya kwaikwayi yaron sak!" Nan take kowa ya kama tafi. Malama Rabi ta yi murmushi ta ce lallai Malam ya nuna darasin jiya fiye da yadda ita ta faɗe shi: yaro mai wayo yakan haddace shafi ya riƙa bi da yatsa, shekara da shekaru ba a gane ba, shi ya sa ba a gwada yaro da katin da ya taɓa ji, sai a musanya.

Darasin da aka yi ke nan ina maƙabarta.

To ga ƙofa an buɗe mini, kuma ba zan ɓoye muku ba, na nufe ta da gudu. Na miƙe, na dafa ƙirji, har da ɗan rusunawa kamar wanda ya gama wasan kwaikwayo a gidan rediyo. Ina shirin komawa mazaunina sai Malama Rabi ta ce, da zuciya ɗaya:

"Madalla. To yanzu, Malam, karanta muna na gaskiyar, mu ji yadda ya kamata."

Hannuna ya tafi aljihu da kansa. Bakina har ya fara, "Ai na manta..." Sai na ji nauyin tabarau ɗin a kan hancina.

Na koma na zauna. Na ɗauki katin. "Wata rana da safe." Wannan na wuce shi. Kalma ta gaba ta tsaya ta dube ni, ni ma na dube ta. Na kama harafin farko, na biyun ya zille. Na faɗi wani abu, na ji ba shi ba ne, na koma baya. Zufa ta bi ta ƙarƙashin hulata ta sauko bayan kunne. Ina jin fankar sama tana juyawa, ina jin wani yana ajiye fensirinsa a hankali don kada ya yi ƙara. Ban san tsawon lokacin da na ɗauka ba. Na dai san ban kai matar nan gonarta ba. A layi na biyu na bar ta, ita da jakinta.

Na cire tabarau na riƙe a hannu. Na ce, "Malama, jiya bayan azahar ba ni nan. Ban ji darasinki ba. Ba kwaikwayo niy yi ba. Haka nika karatu tun ina yaro." Na so in tsaya nan, amma sauran ya fito da kansa. "Mai karanta mini ta rasu bara."

Sai wani dattijo daga Kwargaba ya ce, "Allah shi jiƙanta." Ajin duka ya amsa da amin. Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba, kuma abin mamaki, ban mutu ba.

Malama Rabi ba ta yi mini jawabi ba, na kuma gode mata. Ta ce a tafi hutun rabin sa'a. Da aka watse ta jawo kujera kusa da ni ta ce ba za ta ce ga abin da ke gare ni ba, don ita ma ba a zaune ɗaya take yanke hukunci ba, amma in ina so akwai inda za ta tura ni a Sakkwato. Sannan ta ce, "Cikin dut waɗanga malamai, kai ɗai ka san yadda yaron nan ka ji in an miƙa mashi kati. Kada ka ce za ka bar aikin ga." Ai kuwa abin da nake shirin faɗa ke nan.

Na sami Sambo a gindin dogon yaron jiya. Wannan karon ba kifi a hannunsa.

"Kai ka ji darasin jiya," na ce. "Don mi ba ka gaya mini za a musanya kati ba?"

Ya sosa ƙeya. "Barci nika yi. Tuwon shinkafa anka ba mu. Sai da ka kai tsakiyar dam sannan na kusa da ni yag gaya mini."

"To mi yas sa ka karanta mini sau biyu?"

Ya daɗe yana kallon ƙasa. Sambo, wanda bakinsa ba ya rufuwa ko a zaman makoki.

"Da na je gaishe ta tana jinya," ya ce, "Balkisu tac ce mini, in ba ta nan, dut ran da ka ce ka manta tabarau, in karanta maka. Sau biyu. Kuma kada in tambaye ka komi."

Muka zauna muna kallon masu babur suna wucewa da buhunan albasa, har aka kira mu aji. Muna tashi ya ce, "Amma dai kihi bakwai a gonar albasa, taubashi, ko Sarkin Ruwa sai haka." Na kai masa duka da jakar bita, ya goce.

Na koma makarantarmu da katunan. Ba zan ce na zama gwani ba. Nakan zauna da kowane kati ni kaɗai in bi shi a hankali har in san shi da idona, ba da kunne kawai ba, kuma yanzu in takarda ta zo ba shiri nakan ce a karanta mini, ba na shafa aljihu. A mako na uku na gwada wata yarinya 'yar aji huɗu, Luba, wadda malaminsu ke kira tauraruwar aji, don ba ta taɓa tuntuɓe a littafin karatu ba. Na miƙa mata katin da ba ta taɓa ji ba. Ta ɗora yatsa, ta buɗe baki, ta tsaya. Na ga idonta ya fara neman ƙofa. Ta ce, "Malam, kaina ka ciwo."

Na ce, "Na sani, ɗiyata. Ni tabarau nika mantawa. Matso mu bi ta tare, ba mai jiranmu."

Mun kai matar nan gonarta, ni da Luba, kafin a kaɗa ƙararrawa. Na rubuta sunanta cikin waɗanda za a tura gaba.

Har yau in na shiga kasuwar Achida na haɗu da wani daga cikin malaman nan, daga nesa zai ɗaga murya: "Malam, yaya ruwa? Albasa ta yi kihi bana?" Nakan ce ta yi, sai dai ƙanana. Na san da Balkisu na nan da ta fi su duka dariya, da sai ta ajiye faifan shinkafar ta riƙe ciki.

Abin da na koya bai da yawa. In za ka ɓoye wani abu shekara ashirin da shida, ka fara bincikawa ko mutanen gidanka ba su daɗe da sani ba, suna rufa maka asiri ne kawai don suna sonka. In kuma an miƙo maka takarda a gaban jama'a, kome gwanintarka, ka dubi layi na biyu kafin ka tura kwalekwale.

Tabarau ɗin yana nan. Na ajiye shi a kan faifanta.